Ƙaramar amfilifaya don falo: wat nawa ya isa?

Ɗan Gawon Nama

Assalamu alaikum 'yan'uwa masana kayan sauti. Ina neman shawara kan sauya amfilifaya. Wadda ke falona yanzu irin ta masu kiɗan biki ce, an rubuta mata wat 500 kowane ɓangare. Tana da fanka mai ƙugi wadda ake ji ko ana cikin sauraren karatu, kuma da an ɗauke wuta an koma kan inbata sai ta hau cin batir. Ina son ƙarama wadda za ta zauna a kan kanta ƙarƙashin talabijin, ba hayaniya.

Ga yadda kayan suke. Falon mita 4 ne da mita 5, ƙasa tayil, kujerar da ake zama kamar mita 3 daga sifikoki. Sifikokin guda biyu ne, a bayansu an rubuta om 8, 88 dB, wat 100. Ina da firi-am daban mai maɓallin ƙara da na bes, shi ke karɓar sauti daga talabijin da waya. Abin da aka fi saurare karatun Alƙur'ani ne da tafsiri da labarai, sai kiɗan gargajiya da ƙwallo ran asabar da lahadi. Solar gidan batir biyu ne masu bolt 12 a jere, wato 24, da inbata 1.5 kVA.

Wani mai shago ya ce mini duk amfilifayar da ba ta kai wat 100 ba za ta ƙona sifika mai wat 100. Ya kuma nuna mini wani ɗan akwati da bai wuce tafin hannu ba, an rubuta masa wat 600 a kwali. To mi ne gaskiyar wanga zance? Wat 50 za ta ishe ni? Kuma da waɗannan ƙananan na zamani da tsofaffin na gwanjo masu nauyi, wanne ya fi dacewa da zafin Sakkwato? Allah ya saka da alheri.

Injiniya Arkilla

Wa alaikumus salam Malam. Lambar da za ka fara kallo a bayan sifikar ba wat 100 ɗin ba ce, 88 dB ɗin ce. Wat 100 iyakar abin da sifikar za ta iya jurewa ne kafin ta lalace, ba abin da take buƙata don ta yi magana ba. Ita kuwa 88 dB, wato desibel, ma'aunin ƙarar sauti, tana gaya maka ƙarar da za ta bayar idan aka ba ta wat 1 tak, kana tsaye mita 1 daga gabanta.

Mu yi lissafin falonka. Duk sanda nisa ya ninka, ƙara na raguwa da desibel 6 a fili, saboda haka a mita 3 an yi asarar kusan 9.5. Amma sifika biyu ce, wannan ya maido da kusan 3. Bango na siminti da tayil suna maido da sauti, a ƙara wajen 3 kuma. Ka ga a kan kujerarka wat 1 a kowane ɓangare zai ba ka desibel 84 zuwa 85. Hira ta yau da kullum tana wajen 60 ne. Shi kuwa 85 shi ne matakin da masana lafiyar kunne ke cewa kada a wuce awa 8 a cikinsa. Wato yawancin lokacin da kake sauraren tafsiri, amfilifayar nan mai wat 500 ba ta fitar da ko rabin wat ɗaya.

To me ya sa ake buƙatar fiye da wat ɗaya? Saboda sauti ba a shimfiɗe yake ba. Lokacin da makaɗi ya buga kotso ko taushi, bugun nan na ɗan ƙiftawar ido yana iya ɗara matsakaicin sautin da desibel 15 har zuwa 20, idan ɗaukar mai kyau ce ba a matse ta ba. Kowane ƙarin desibel 3 yana buƙatar ninkin wat, ƙarin 10 kuma yana buƙatar wat sau 10. Idan kana saurare da ƙarfi a desibel 80, kana cin kamar sulusin wat. Bugu mai ƙarin 15 zai nemi kusan wat 11, mai ƙarin 20 zai nemi kusan 35. Shi ya sa wat 40 zuwa 50 na gaskiya a kowane ɓangare, a kan om 8, wato ma'aunin tirjiyar sifikarka ga wuta, ya wadatar da falonka. Wat 50 zai kai ka wajen desibel 101. Ka ninka zuwa wat 100, abin da ka ƙaru da shi 3 ne kawai, kunne zai ji ɗan bambanci amma ba ninki ba. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sai an ninka wat sau 10.

Abu biyu ke iya ɓata wannan lissafi. Na farko maɓallin bes. Ka murɗa shi ya ƙara desibel 6, ka nemi wat sau 4 a ƙananan sautuka. Ka kai shi ƙarshe, wanda a yawancin firi-am wajen 10 ne, ka nemi sau 10. Wat 5 ya koma 50 ke nan ba tare da ka taɓa maɓallin ƙara ba. Na biyu, da a ce sifikarka 84 dB ce maimakon 88, da sai ka ninka duk lissafin sau biyu da rabi.

Maganar mai shago tana da ɗan tushe, amma ya juya ta. Ƙaramar amfilifaya ba ta ƙona sifika don ƙanƙantarta. Abin da ke faruwa shi ne idan aka matsa mata ta wuce iyakarta, saman igiyar sautin na yankewa ya zama a miƙe, sai ta riƙa zuba wa tuwita, wato ƙaramar sifikar siririn sauti, ƙarfin da ba a yi ta don shi ba. Siririyar wayar cikin tuwita ba ta jure wat da yawa, sai ta ƙone. Alamar a bayyane take: sauti ya fara tsagewa, harafin "s" na kartar kunne, bugun ganga ya daina fitowa tsaf. Da ka ji haka ka rage. Muddin ba ka kai ta nan ba, wat 30 ma ba zai cutar da sifika mai wat 100 ba.

Kada ka tsaya kan lissafina, tun da babbar na hannunka, auna da kanka. Sa maɓallin ƙara da na bes a inda kake kai su ranar da ka fi ƙure sauti, kada ka sake taɓa su. Kashe amfilifaya, cire wayoyin sifika daga bayanta, ka tabbata bakin wayoyin ba su haɗu ba. Kunna, ka saki sautin gwaji na 50 Hz mai cikakken ƙarfi daga wayar da ka saba amfani da ita, akwai manhajoji na kyauta masu yin sa, kuma ƙarar wayar ta kasance inda ka saba barinta. Sa mita a kan AC, auna tsakanin ja da baƙi na ɓangare ɗaya. Lambar da ta fito ka ninka ta da kanta, ka raba da 8. Bolt 14 na nufin wat 24 da ɗoriya, bolt 20 na nufin wat 50. Wannan gwaji na amfilifaya mai tiransista ne kamar taka. Mai kwalba, wato irin ta da mai fitilun gilashi a ciki, ba a kunna ta babu sifika.

Baba Mai Gyara, Tsohuwar Kasuwa

Injiniya ya gama da lissafi, Allah shi ƙara sani. Ni zan yi magana kan kwalin nan na wat 600, da kuma abin da ke kashe kayan sauti a garin nan.

Yaro, ba girin-girin ba, ta yi mai. Amfilifaya ba ta haifar wuta, abin da ta sha daga soket shi take rabawa, kuma ba ta raba shi duka. Juya akwatin ka dubi adaftar da anka haɗo da shi. In an rubuta bolt 12, amfiya 5, to wat 60 ne gaba ɗaya ke shiga, daga ina 600 zai fito? Lambobin da ke ɗauke da haruffan PMPO kak ka ko kalle su. Nemi inda anka rubuta RMS, wato ƙarfin da take iya bayarwa a ɗore, a kan om 8, ɓangarori biyu suna aiki tare, kuma gurɓatar sautin, wadda suke rubutawa THD, ba ta wuce kashi 1 cikin 100 ba. Da yawa suna ɗaukar lambarsu a kan om 4 ko om 2, da gurɓata kashi 10, wanda sauti ne da ba wanda zai zauna ya saurara. A tsohuwar amfilifaya mai tiransifoma kuma dubi fiyus na baya da rubutun wutar da take ci. Fiyus na amfiya 1 a wutar 230 ba ya wuce wat 230, komi anka rubuta a gaba.

Game da tsofaffi masu nauyi, waɗanda ake kira aji AB, ni ina tare da su saboda dalili ɗaya: ana gyara su. Tiransista irin 2SC5200 da abokiyarta 2SA1943, ko IC, wato ɗan guntu mai tiransistoci da yawa a ciki, irin TDA7294 da LM3886, mai gyara zai cire da ƙarfen dalma ya sa wata. LM3886 ɗin nan tana ba da wat 50 a kan om 8 idan ta samu bolt 35 sama da ƙasa, daidai abin da Injiniya ya lissafa maka. Kuma kak ka raina ƙaramar lamba in kamfanin na gaskiya ne. NAD 3020 da ta fito a 1978 wat 20 anka rubuta mata, ta kuma yi suna a duniya don tana tura sifikokin da manyanta a takarda ke kasawa. Cikin sababbi, Yamaha A-S301 wat 60 ce, Denon PMA-600NE wat 45 a kan om 8, sai dai su da nasu firi-am a ciki, in ka ɗauki irinsu naka ya zama ba aiki.

Aibinsu zafi. Aji AB kusan rabin wutar da take sha zafi take zama. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da ɗaki ke haura digiri 40 kafin ma a kunna komi, ƙarfen sanyayawar ya riga ya fara daga sama. Abin da ke fara gajiya kafasita ne, waɗannan masu kama da ƙaramin gwangwani. Ƙa'idarsu sananniya ce: duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba kwanansu biyu. In za a sauya su a sa masu rubutun digiri 105, ba 85 ba. Bar mata aƙalla santimita 10 a sama da 5 a kowane gefe. Kak ka ɗora dikoda a kanta, kak ka rufe ta cikin kabad mai gilashi. Ɗan ƙyallen ado da mata ke shimfiɗawa don tare ƙura, a ɗauke shi kafin a kunna, a maida bayan ta huce. Gwajin hannu ya isa: bayan rabin awa tana aiki, in ba ka iya barin tafinka a kan murfin na daƙiƙa 5, iskar ba ta ishe ta ba.

Sai ƙurar hunturu. Wagga babbar taka mai fanka zuƙo ƙura take yi tana shimfiɗa ta kan ƙarfen sanyayawa kamar bargo. Ƙarama marar fanka ta fi a nan. Duk da haka sau biyu ko uku cikin hunturu a zare ta daga wuta, a bari ta jima don manyan kafasita na riƙe caji, sannan a hure da bulowa da buroshin fenti busasshe.

In gwanjo za ka saya, tafi da mitarka. Fara da rubutun baya: kayan Amurka na bolt 120 ne, na Japan 100, namu 230. Ka soka su kai tsaye, tiransifoma ta tafi nan take. Wasu suna da ɗan makunni na zaɓen wuta a baya, tabbata yana kan 220 ko 240. In sai da tiransifomar rage wuta, ta kasance ta ninka abin da amfilifayar ke ci. Sannan kunna ta ba sifika, ƙara a ƙasa, ka saurari ɗan "ƙas" na rile bayan 'yan daƙiƙu. Sa mita a kan DC, auna bakin sifika. Ƙasa da milibolt 50 lafiya lau. Ya haura 100 akwai gyara a gaba. In ka ga bolt ɗaya ko fiye, ajiye ta, za ta dafa maka wufa, wato babbar sifikar bes. Nemi a buɗe murfi: kafasita mai kumburarren kai, allo da ya yi baƙi kusa da tiransista, fiyus da anka naɗe da zaren waya, duk alamun an sha wahala da ita ne. Dubi tiransistocin, in na hagu da na dama ba iri ɗaya ba ne, an taɓa sauyawa, kuma jabun 2SC5200 sun cika kasuwa. A ƙarshe a haɗa sifika, ka saurari hagu shi kaɗai, dama shi kaɗai, a bar ta minti 20 zuwa 30, don wata matsalar sai ta yi zafi take fitowa.

Mai Sola, Runjin Sambo

Baba ya faɗi gaskiya kan gyara, amma da izininsa, ga wanda ke kan batir ni aji D zan nuna masa, wato waɗannan ƙananan akwatunan. Wajen kashi 90 na wutar da suke sha na tafiya sifika, ba sa buƙatar fanka, kuma idan suna kunne ba kiɗa 'yan wat kaɗan suke ci. Babbar ta biki kuwa tana cin gommai tana zaune kawai, ga tiransifomarta na fizgar wuta da ƙarfi a lokacin kunnawa, abin da kan sa ƙaramar inbata ta yi ƙara ta ɗauke.

Akwai kuma maganar wutar layi idan ta zo a raunane. Amfilifaya mai tiransifoma ƙarfinta na bin wutar soket, kuma ba kai da kai ba: in wuta ta sauka daga 230 zuwa 180, mai wat 50 ta koma kamar 30. Adaftar da aka rubuta wa 100 zuwa 240 ba ruwanta da wannan, abin da take fitarwa ba ya motsi. Haka nan in inbatarka ba mai tsaftatacciyar igiya ba ce, wadda ake rubuta wa "pure sine", tiransifoma za ta riƙa gurnani tana ɗaukar zafi, wani lokaci har a ji zizar a sifika.

Sirrin ƙananan nan shi ne adafta, ba akwatin ba. Lissafin mai sauƙi ne: bolt na adafta, ninka shi da kansa, raba da 16 in sifikar om 8 ce. Bolt 12 bai wuce wat 9. Bolt 19, irin cajar kwamfutar hannu, wajen 22. Bolt 24 ya ba da 36, bolt 32 ya ba da 64. Wannan ƙololuwa ce a takarda, a aikace cire kamar kashi 15 zuwa 20 kafin ka samu sauti mai tsafta. Saboda haka akwati ɗaya zai iya zama mai wat 9 ko mai wat 50, ya danganta da abin da aka soka masa.

IC biyu za ka fi cin karo da su, duka na kamfanin Texas Instruments. TPA3116D2 tana aiki daga bolt 4.5 zuwa 26. Da adafta mai bolt 24, amfiya 5, za ka samu wajen wat 30 masu tsafta a kan om 8. TPA3255 tana aiki daga 18 zuwa 53.5, ita ke cikin irin su Fosi Audio V3 da Aiyima A07. Da adafta mai bolt 32, amfiya 5, kana wajen wat 50. Don falonka ta biyun nake gani, saboda za ta yi aikin ba tare da ta kusanci iyakarta ba, ga zafin garinmu.

Gargaɗi mai muhimmanci, don da yawa na faɗawa nan. Ganin an rubuta bolt 24 a jikin akwati sai mutum ya ja waya daga batirin sola kai tsaye. Batir biyu a jere ba 24 suke tsayawa ba. Da rana lokacin caji suna kai 28.8, na litiyam har 29.2. Wannan ya wuce 26 da aka yanka wa TPA3116D2. TPA3255 za ta ɗauka, sai dai ƙarfinta ya sauko wajen wat 30 zuwa 40, kuma dole a sa fiyus na amfiya 5 zuwa 7.5 a wayar ja dab da batir, a tabbatar da ja da baƙi da mita kafin a soka, don juya su sau ɗaya ya isa. Wasu na'urorin caji na sola suna sa ziza a sauti da rana. In ka ji haka, koma kan adafta ta inbata.

Kowace ka saya, sa mata na'urar tsaron wuta mai jinkiri, irin da ake sa wa firji, wadda ke yankewa in wuta ta yi yawa ko ta yi ƙasa, ta kuma jira kafin ta saki bayan an maido. Dawowar wuta da lokacin sauyawa zuwa janareta su suka fi kashe adafta. Da damina ta kama, in hadari ya taso da tsawa, zare filogi da wayar dish gaba ɗaya.

Inda nake tare da Baba: IC ɗin aji D ƙafafunta ƙanana ne, manne take da allo, ba kowane mai gyara ke da kayan cire ta ba. In ta ƙone galibi allon ake sauyawa. Amma abin da ya fi mutuwa adafta ce, ita kuwa sayen wata kawai ake yi.

Ɗan Gawon Nama

Na gode ƙwarai Injiniya, Baba, da Malam Mai Sola, Allah ya ƙara basira. Na yi awon yadda aka ce. Da bes a tsakiya mita ta nuna bolt 11, da bes a inda yara ke kai shi ta nuna 17. In na fahimta wat 15 ke nan da wat 36. Na kuma auna sifikokin da mita, kowace ta nuna om 6.3, ba 8 ba, ko akwai matsala? Sannan ina da wasu ƙananan sifikoki biyu masu om 4 da nake son in kai tsakar gida, za a iya haɗa su duka a kan ƙaramar? Kuma wace irin waya zan saya?

Injiniya Arkilla

Lissafinka daidai ne Malam, kuma ya nuna wat 50 ya ishe ka har da rara. Om 6.3 ba matsala ba ce. Mita da DC take aunawa, kullum tana nuna ƙasa da abin da aka rubuta: sifika mai om 8 kan nuna 5.5 zuwa 7, mai om 4 kan nuna wajen 3 zuwa 3.5.

Na tsakar gida kuwa kada ka haɗa su da na falo. Om 8 da om 4 a baki ɗaya suna zama om 2.7, ƙasa da om 4 da yawancin ƙananan amfilifayoyi ke iya ɗauka lafiya. Wutar da za ta ja ta ninka sau uku, ko ta riƙa ɗaukewa in ta yi zafi, ko adaftar ta gaza. In ka jera su bi da bi ya zama om 12, ba abin da zai ƙone, amma na falo za su rage ƙarfi, sautinsu ya canja, kuma ba ka da ikon rage ɗaya ka bar ɗaya. Sayi wata 'yar ƙarama mai TPA3116D2 don tsakar gida, ko da cajar bolt 19 za ta ba sifikar om 4 wajen wat 35, da maɓallin ƙararta daban.

In ka ɗauki aji D akwai abin da ya bambanta ta da babbar taka. Baƙin bakin sifika a cikinta ba ƙasa ba ne, wato ba a sifirin bolt yake ba, shi ma wuta yake ɗauke da ita kamar jan. Kada baƙin hagu ya haɗu da baƙin dama, kada ɗayansu ya taɓa jikin ƙarfe. Akwatunan zaɓen sifika masu baƙi ɗaya na tarayya, da wasu sabwufa, wato akwatunan ƙarin bes, masu karɓar sauti daga wayar sifika, suna haɗe baƙaƙen nan a ciki, su ke ƙona irin waɗannan amfilifayoyi. In za ka ƙara sabwufa ɗauko sautinta daga firi-am.

Waya: jan ƙarfe zalla mai kauri 1.5 mm² ya isa har mita 5, ya wuce haka ɗauki 2.5. Akwai mai arha wadda alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe. Kankare silin ɗaya da wuƙa, in cikinsa fari ne ita ce, kuma ba ta kai ta gaskiya ɗaukar wuta ba, tana saurin karyewa a bakin haɗi. Murɗe silin da kyau, don gashi ɗaya da ya tsallaka daga ja zuwa baƙi ya isa ya kashe ɓangare. Ja zuwa ja a duka sifikokin. In alamar wayar ta goge, cire ta daga amfilifaya, taɓa bakinta da batirin tocila na bolt 1.5: in wufa ta turo waje, wayar da ke kan tsinin batir ita ce ja. Ka juya ɗaya, bes zai ɓace, muryar mai karatu ta daina zama a tsakiya.

Wajen haɗawa da firi-am, wat 50 a kan om 8 bolt 20 ne, kuma yawancin amfilifayoyi na ninka abin da aka ba su kamar sau 20, wato bolt 1 daga firi-am ya kai ta ƙarshe. In ƙaramar tana da nata maɓallin ƙara, fara da shi a rabi. Daidaita shi yadda ƙarar da ka saba ji za ta zo lokacin da na firi-am ke wajen tsakiya, sannan ka bar shi nan. Ka ƙure shi, za ka riƙa jin "sss" a tuwita da dare, ga yara na iya kai ta ga tsagewa da ɗan murɗi kaɗan.

In bayan haɗawa ka ji gurnani mai kauri da ba ya bin maɓallin ƙara, cire wayar dish daga dikoda ka saurara. In ya ɗauke, daga nan yake. Maganinsa a jona firi-am, amfilifaya da talabijin a kan layin soket ɗaya, in bai tafi ba a ɗauko sautin talabijin ta bakin haske, wato oftikal, zuwa 'yar na'urar DAC mai mayar da shi sautin da firi-am ke karɓa, a sa saitin sautin talabijin a kan PCM, in ba haka ba shiru za ka ji ko shashsheka. Wajen kunnawa amfilifaya ce ta ƙarshe, wajen kashewa ita ce ta farko, don bugun da firi-am ke yi kada ya isa wufa.